Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Ɗaukaka Ƙara Idan An Hana Ka Tallafin Nakasa a Birtaniya

Idan ka je duba marar lafiya ka ce masa "yaya jiki?", ka riga ka san amsar da za ka ji, ko da kuwa jinyar ta kai sai an kwantar sai an tayar: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka rene mu. Mai yawan kukan ciwo ana yi masa kallon mai raki, wanda ya shanye kuma ana yaba masa da dauriya da tawakkali. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita. Amma akwai wani zama a Birtaniya da wannan amsa take shiga rahoto a matsayin shaida, daga baya a kafa hujja da ita a hana mutum kuɗin da doka ta ba shi. Zaman shi ne na tantance masu neman tallafin nakasa da ake kira PIP. Da yawa daga cikin waɗanda aka hana sukan ninke wasiƙar su jefa a durowa, su ce ba rabonsu ba ne. Abin da nake so in nuna shi ne wannan wasiƙa ba ita ce ƙarshen magana ba, kuma alƙaluman gwamnatin ƙasar da kanta ne suke faɗar haka.

PIP kuɗi ne da Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP, take biyan wanda doguwar rashin lafiya ko nakasa ta ƙara wa tsadar rayuwa, daga mai shekara 16 zuwa shekarun fansho. An fara shi a Afrilun 2013 ƙarƙashin dokar gyaran tallafi ta 2012, ya maye wa manya gurbin tsohon tallafin DLA da ake biya tun 1992. Ba ruwansa da albashinka ko abin da ka ajiye a banki, ba a cire masa haraji, mai aiki ma yana iya karɓa. Kashi biyu ne: na hidimar yau da kullum da na zirga-zirga, kowanne yana da ƙaramin mataki da babba. A shekarar da ta fara daga Afrilun 2025, na hidimar yau da kullum fam 73.90 ne ko fam 110.40 a mako, na zirga-zirga kuma fam 29.20 ko fam 77.05. Wanda ya samu manyan biyun a wannan shekarar yana da fam 187.45 a mako, ana biyansa duk bayan mako huɗu. Kuma ƙofa ce ta wasu abubuwan: mai jinyarka zai iya neman nasa alawus ɗin idan yana yi maka hidima awa 35 a mako, babban matakin zirga-zirga kuma yana ba da damar karɓar mota ta shirin Motability. A farkon 2025 mutum kusan miliyan 3.7 ne ke karɓarsa a Ingila da Wales. Sikotland ta raba gari, tun 2022 tana da nata tallafin da nata matakan ƙorafi, saboda haka bayanina na Ingila da Wales ne.

Kafin in yi nisa, ga gargaɗi ga 'yan uwanmu da suka shigo da bizar karatu ko ta aiki. PIP yana cikin abin da dokar shige da fice take kira kuɗin jama'a. Wanda aka rubuta wa sharaɗin cewa ba shi da damar cin kuɗin jama'a ba zai samu ba, nemansa ma yana iya ɓata masa takardun zama. Haka kuma a ƙa'ida sai mutum ya yi shekara biyu a ƙasar cikin shekara ukun da suka wuce, ban da wasu da aka ɗauke wa wannan sharaɗi, kamar waɗanda aka ba mafaka. Idan a kan wannan aka hana ka, matsalarka ta lauyan shige da fice ce kafin ta zama ta kowa.

Yawancin waɗanda ake hanawa kuwa a kan maki ne, kuma nan ne rashin fahimtar take. Mutum zai kwashi takardun asibiti himili guda, ga sunan cuta, ga sunayen magunguna, ya yi zaton ya gama. PIP ba ya biyan sunan cuta. Abin da yake aunawa shi ne yadda cutar ta taɓa ayyuka goma sha biyu. Goma na hidimar yau da kullum ne: girki, cin abinci, shan magani da kula da jinya, wanka, shiga banɗaki, sa tufafi, magana, karatu, hulɗa da mutane ido da ido, da sarrafa kuɗi. Biyu na zirga-zirga: iya tsara tafiya da bin hanya, da kuma takawa da ƙafa. Kowane aiki yana da jerin bayanai, kowane bayani da makinsa. Maki 8 a kashi ɗaya shi ne ƙaramin mataki, 12 shi ne babba. Ana kuma so a ce lalurar ta yi wata uku tana damunka, kuma ana sa ran za ta ƙara wata tara.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wata dattijuwa mai fama da sanyin ƙashi a gwiwoyi da ƙugu. Ba ta iya tsayuwar girki sai a kan doguwar kujera: maki 2. Sai 'yarta ta riƙe ta wajen shiga bahon wanka da fitowa: maki 3. Sai ta dafa ƙarfen da aka kafa a bango kafin ta tashi daga kan masai: maki 2. Ba ta iya sunkuyawa ta sa safa ko takalmi sai an taimaka mata: maki 2. Tara ke nan, ta cancanci ƙaramin mataki, sama da fam 3,800 a shekara. To amma wadda ke tambayarta a waya baƙuwa ce, wataƙila ma namiji ne, ga ɗanta zaune kusa da ita yana taya ta Turanci. Aka zo kan wanka da banɗaki, kunya ta sa ta ce "ina yi da kaina". Maki biyar sun tafi a jumla ɗaya. Saura huɗu, huɗu kuwa ba ya kawo ko sisin kwabo. Ba ƙarya ta yi ba, ba a kuma yi mata ƙarya ba. Ta sakaya abin da mace mai mutunci take sakayawa ne, tsarin kuma ba ya karanta abin da aka sakaya.

Dokar kanta ta fi yadda ake aiwatar da ita adalci, kuma duk mai shirin ƙorafi ya kamata ya haddace wannan sashe nata. Ƙa'idojin PIP na 2013 sun ce ba za a ɗauka kana iya wani aiki ba sai idan kana iya yinsa cikin aminci, kana yinsa yadda ya kamata, kana iya maimaita shi duk lokacin da bukatarsa ta taso, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na abin da mai lafiya zai ɗauka ba. Wanda ya taka mita hamsin sannan ya kwanta awa biyu yana nishi ba a ce yana iya taka mita hamsin. Wadda take yin wanka amma sai ta share awa guda a ciki, ta fito a galabaice, dokar ba ta ɗauke ta mai iya wanka ba. Akwai kuma ƙa'idar kwanaki: bayanin da ya dace da kai a fiye da rabin kwanakin shekara shi ake ba ka makinsa. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai saboda cutar sikila, wadda mai ita yau yana tsaye garau, jibi yana gadon asibiti. Mai sikila da aka tantance ranar da jikinsa ya sake, idan bai bayyana kwanakin ciwo da gajiyar da take biyo bayan kowane tashin ciwo ba, rahoton zai fito da hoton mutumin da ba shi ba.

Su wa ke tantancewar? Ma'aikatan lafiya ne, yawanci nas-nas da masu gashin ƙashi da makamantansu, da kamfanoni masu kwangila suka ɗauka. Daga 2013 Atos da Capita ne suka riƙe aikin. Daga Satumban 2024 aka raba shi tsakanin Maximus da Capita da Serco da Ingeus. Tun annobar korona yawancin zaman ta waya ake yi. Mai tantancewa yana rubuta rahoto, wani jami'in DWP da bai taɓa ganinka ba ya yanke hukunci, kuma galibi abin da rahoton ya ce shi yake bi. A cikin rahoton har da abin da mai tantancewa ya lura da shi ba tare da ya tambaye ka ba: muryarka ba ta nuna damuwa ba, ka tuna sunayen magungunanka, ka ce kana tuƙa mota. Daga tuƙa mota sai a fitar da cewa hannunka yana iya yanka albasa, ƙafarka tana da ƙarfi, ƙwaƙwalwarka ba ta mantuwa. Irin wannan tsallen hujja shi ne abin da ƙorafi yake warwarewa. Ba ƙaramin abu ba ne idan aka yi kuskure a nan. A Janairun 2021 mai binciken musabbabin mutuwa a Nottingham ya lissafa kurakurai 28 a yadda aka tafiyar da neman PIP na wata matashiya mai shekara 27 da ta rasu a 2019.

Da wasiƙar hukunci ta iso, abu na farko a duba kwanan watan da ke kanta. Daga wannan rana ake ƙirga wata ɗaya, ba daga ranar da ta shigo hannunka ba. Cikin watan nan ake neman DWP ta sake duba hukuncinta, matakin da a Turance suke kira mandatory reconsideration, mu ce bitar dole. Ana iya nema ta waya, ta wasiƙa, ko ta fom mai lamba CRMR1. A rubuce ya fi, don ya bar shaida. A ranar kuma a buga waya a nemi kwafin rahoton mai tantancewa, wanda ake kira PA4, domin ba a aiko da shi sai an nema, kuma ba ka iya musanta abin da ba ka karanta ba. Idan rahoton ya yi jinkiri kada a jira shi har wa'adi ya wuce. A aika buƙatar, a ce ƙarin bayani yana tafe.

Wanda wata ɗaya ya wuce masa bai rasa komai ba tukuna. Ana karɓar buƙatar da ta makara har zuwa wata goma sha uku daga ranar hukunci idan an faɗi dalili, kamar kwanciya a asibiti ko rasuwa ko ciwon da ya hana buɗe wasiƙu. A da, idan ma'aikatar ta ƙi karɓar uzurin, tana ɗaukar cewa hanyar kotu ta toshe ke nan. A 2017 alƙalai uku na kotun sama, wadda ke duba hukuncin kotun farko a ƙararrakin tallafi, suka ce sam, ƙin karɓar uzuri ba ya ƙwace wa mutum haƙƙin zuwa kotu.

Me ake rubutawa? A nan mutane da yawa suke ɓata harsashinsu. Ran mutum a ɓace yake, sai ya cika shafi uku da cewa mai tantancewa maƙaryaci ne, ba shi da imani, bai san ciwon ba. Ko da gaskiya ne, ba ya ƙara maki ko ɗaya. Abin da ke aiki shi ne a bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya: an ba ni sifili a girki, ina ganin maki 4 ya dace da ni, saboda farfaɗiya tana kama ni ba tare da alama ba, a watan jiya na faɗi kusa da murhu na ƙone a hannu, tun daga nan ba na girki sai da wani a kusa. Aiki, maki, dalili, misali na gaske mai rana da wata. A kuma san ma'anar kalmomin dokar. Girki a wurinta shi ne dafa abinci mai sauƙi kala ɗaya na mutum ɗaya daga ɗanyen kaya, a murhun da ya kai tsayin ƙugu. Ba ta tambayar ko kina iya tuƙa tuwon mutum goma. Banɗaki ya haɗa da zama a kan masai, da tashi, da tsarki bayan an gama. Karatu kuma yana nufin abin da lalura ta hana, don haka rashin jin Turanci ba ya kawo maki. Alwala da salla ba sa cikin lissafin, amma wanda ya ce shekara biyu ke nan yana salla a kan kujera saboda ba ya iya ruku'u ya ba da shaida mai ƙarfi a kan sunkuyawa da tashi, kuma shaida ce da ba ya jin kunyar faɗa.

Sai dai kada a sa rai da yawa a bitar dole. Ma'aikatar da ta yanke hukuncin ita ce take duba kanta, doka ba ta kuma yanka mata wa'adin amsawa ba. A 'yan shekarun nan, cikin buƙatu huɗu ko biyar ɗaya ne ake canza wa hukunci. An shigo da matakin a 2013 da hujjar cewa zai gyara kuskure da wuri, ya rage wa kotu cunkoso. Ni a ganina ya fi zama rariya. Mutum marar lafiya da aka ce wa a'a sau ɗaya, ya tattara ƙarfinsa ya rubuta, ya jira makonni, aka sake ce masa a'a da kusan kalmomin farko, da wuya ya yarda akwai amfanin ci gaba. Mafi yawan waɗanda aka hana a wannan mataki ba sa kaiwa kotu. Su ne kuma sau da yawa masu ciwon damuwa da masu larurar ƙwaƙwalwa da waɗanda ba su da mai taya su rubutu, wato waɗanda tallafin ya fi kamata ya kai gare su. A shekarar da aka kafa wannan mataki, a Afrilun 2013, wata doka ta 2012 ta janye tallafin lauya kyauta daga yawancin shari'un tallafi. An ƙara tsani, an ɗauke mai riƙe tsanin.

Duk da haka, abin da ake nema daga bitar dole shi ne takardar sakamakonta, domin ita ce tikitin shiga kotu. Daga kwanan watan da ke kanta akwai wata ɗaya na shigar da ƙara, ta intanet ko ta fom SSCS1. Kyauta ne, kuma idan ka faɗi ba mai cewa ka biya kuɗin shari'a. Kalmar kotu tana tsorata mutanenmu, musamman wanda takardun zamansa suka taɓa ba shi wahala, don haka ya kamata a fayyace: wannan ba kotun laifi ba ce, ba kai ake tuhuma ba, hukuncin ma'aikata ake tuhuma. Kotun tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, ba ta da alaƙa da DWP. Mutum uku ne ke zama: alƙali, likita, da wani mai masaniya a kan nakasa, ko dai shi kansa yana da ita ko ya daɗe yana aiki da masu ita. Yawanci teburi ne a ɗaki, ba akwatin tsayuwa, ana kuma yin zaman ta waya ko ta bidiyo.

Ga alƙaluman da na yi ishara da su tun farko. Shekara da shekaru, kusan biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da aka saurara a wannan kotu mai ƙara ne yake yin nasara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin nasarar. Bayanan da DWP ta ba majalisar dokoki sun nuna cewa a mafi yawan shari'un ba wata sabuwar takardar likita ce ta juya hukuncin ba. Ko dai kotun ta dubi bayanan da ma'aikatar take da su tun farko ta fahimce su daban, ko kuma ta saurari mutumin da bakinsa ta gamsu. Ma'ana, gaskiyar tana nan tun ranar farko, mai saurare ne babu.

Wannan ya sa amsar wata tambaya a fom ɗin ƙara take da nauyi: kana so a saurare ka, ko a yanke hukunci a kan takardu kawai? Mai gudun fitowa gaban mutane zai so ya zaɓi takardu. Masu ba da shawara a wannan fanni bakinsu ɗaya ne cewa halarta ta fi, nesa ba kusa ba. Gani ya kori ji. Likitan kotu zai yi tambayar da fom bai yi ba: daga ƙofar gidanka zuwa inda ake ajiye mota taku nawa ne, sau nawa kake tsayawa, idan ka tsaya minti nawa. Tambayar nisa tana da muhimmanci saboda iyakar babban mataki mita 20 ce, alhali a zamanin DLA mita 50 aka saba aunawa da ita, kuma kusan ba wanda ya san nisan mita 20 a ka. Gara mutum ya auna da abin da ya sani, kamar tsawon manyan motocin bas biyu a jere, da ya faɗi lambar da zai kasa karewa.

A fom ɗin ne kuma ake neman tafinta. Kotu ce take kawo shi kyauta, kuma ba ta yarda ɗa ko miji ya yi tafinta ba. Alheri ne wannan. Uwa ba za ta faɗi matsalar riƙe fitsari ta bakin ɗanta ba. Ko wanda yake jin Turancin kasuwa da na wurin aiki, idan ya san ba zai iya bayyana irin zogin da yake ji da shi ba, ya nemi tafintan Hausa, ba abin kunya ba ne. Ana iya zuwa da ɗan rakiya, ana iya zuwa da wakili, ana kuma mayar da kuɗin mota. Wakilci kyauta yana samuwa, ko da yake layi yana da tsawo, a ofisoshin Citizens Advice, da cibiyoyin lauyoyin unguwa, da sashen haƙƙin tallafi na wasu ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin masu cututtuka daban-daban. A fara nema tun ranar da wasiƙar farko ta zo.

Bayan shigar da ƙara, DWP tana da kwana 28 ta aiko da amsarta tare da kundin duk takardun da ta dogara da su, shafi-shafi da lamba. A karanta shi da biro a hannu. Shaidar da ta fi amfani ba lallai ta babban likita ba ce, wanda yake ganinka minti goma sau biyu a shekara. Wasiƙar wadda take taya ka wanka, ko littafin da ka riƙa rubuta yadda kowace rana ta wuce na mako biyu ko uku, ko rahoton ma'aikacin da ya zo gida ya kafa maka ƙarfen dafawa, sun fi kusa da tambayar da kotu take yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abubuwa biyu suna ba mutane mamaki a zauren. Na farko, wata doka ta 1998 ta hana kotu duba halin da ya faru bayan ranar hukuncin da ake ƙara a kai. Jiran zama yana iya kai wata shida ko fiye, jiki kuma ya ƙara lalacewa a tsakani, amma tambayoyin duk a kan yadda kake a wancan lokacin ne. Idan ciwo ya tsananta sosai, sabon nema ake yi, a nemi shawara kan yadda zai shafi ƙarar. Na biyu, kotu tana duba hukuncin gaba ɗayansa, don haka wanda aka ba ƙaramin mataki ya zo neman babba yana iya rasa wanda ke hannunsa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma alƙali yakan yi gargaɗi ya ba da damar a janye ko a ɗage zama. Wanda aka ba sifili kuwa ba shi da abin da zai rasa.

Wani lokaci kafin ranar zama sai waya ta shigo daga DWP: mun sake dubawa, za mu ba ka kaza, ƙarar kuma ta tsaya. Mutumin da ya yi watanni ba kuɗi, ga bashin wuta da na haya, zai ce to nan take. An yi ta kukan cewa ana matsa wa mutane su amsa a cikin wayar, ana kuma tsallake wakilansu, har aka kai ma'aikatar ƙara, a 2021 ta yarda ta gyara ƙa'idojin wannan kira. Kana da damar ka ce a ba ka lokaci ka yi shawara. Idan ka karɓa kuma kana ganin bai kai haƙƙinka ba, kana iya ɗaukaka ƙara a kan sabon hukuncin kai tsaye, ba sai ka koma bitar dole ba.

Wanda ya faɗi a kotun farko yana da sauran mataki ɗaya, amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Kotun sama ba ta sake auna ciwo, kuskuren doka kawai take dubawa: an yi amfani da ƙa'idar da ba ita ba, an yi watsi da shaida ba dalili, ko ba a bayyana hujjar hukunci ba. Ana fara da neman cikakken bayanin dalilan hukunci cikin wata ɗaya, sannan a nemi izini. A wannan matakin tallafin lauya kyauta yana nan ga wanda ya cancanta.

Ƙararrakin da suka kai can sun canza dokar ga kowa, shi ya sa nake ganin nacin mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. A ƙarshen 2016 kotun sama ta ce wanda tsananin firgici yake hana shi bin hanya yana iya samun maki masu yawa a zirga-zirga. Gwamnati ta yi maza ta gyara ƙa'idojin a farkon 2017 don ta toshe wannan. A Disambar 2017 Mai Shari'a Mostyn na Babbar Kotu ya soke gyaran, ya ce wariya ce ƙarara ga masu larurar ƙwaƙwalwa. A Janairun 2018 ministar ma'aikatar, Esther McVey, ta ce ba za su ɗaukaka ƙara ba, aka kuma shiga sake duba fayil kusan miliyan 1.6. A 2017 ɗin dai kotun sama ta fassara kalmar aminci: ba sai haɗari yana faruwa a yawancin kwanaki ba, ya isa a ce akwai yiwuwarsa ta gaske idan aka dubi munin abin da zai haifar. Masu farfaɗiya da yawa da wannan hukunci suka samu haƙƙinsu.

Ƙa'idojin suna iya sake motsawa. A Maris 2025 gwamnatin jam'iyyar Leba ta kawo shawarar cewa sai mutum ya samu aƙalla maki 4 a aiki guda kafin a ba shi kason hidimar yau da kullum. Da ta tabbata, dattijuwar misalinmu mai 2 da 3 da 2 da 2 ba za ta samu komai ba duk da makinta tara. 'Yan majalisar jam'iyyar da kansu suka yi tawaye, a farkon Yulin 2025 aka cire wannan sashe, aka miƙa batun tantancewar ga wani bita da aka ɗora wa minista Stephen Timms jagorancinsa. Duk mai shirin nema ko ƙorafi ya tabbatar da ƙa'idar da take aiki a ranar nasa hukuncin.

Idan an yi nasara, kotu takan faɗi hukunci a ranar ko ta aiko da shi cikin 'yan kwanaki. Ba a biyan PIP ga wanda aka hana yayin da yake jiran ƙara, amma bayan nasara ana biyan bashin gaba ɗaya tun daga ranar da ya fara nema, wanda sau da yawa dubban fam ne a dunƙule. Yawancin tallafin na wa'adi ne, bayan shekara biyu ko uku ko fiye wani fom ɗin bita zai zo, wani baƙon ya sake tambayar yadda ake wanka da shiga banɗaki. Saboda wannan rana, a adana kundin shari'ar da takardar hukuncin kotu mai ɗauke da makin kowane aiki a wuri ɗaya, a haɗa kwafinta da fom ɗin bitar idan ya zo.